Cibiyar Faifan Mma Ajara

Talata, 12 ga Fabrairu 1957, bayan La'asar

Maigidana, Baban Fatimata, ya ba ni wannan littafi tun bara, wai in riƙa gwada bokon da ya koya mini don kada ya gudu. Na jefa shi ƙasan adaka na manta da shi. Yau na tono shi don ba ni da wanda zan gaya wa.

Mma Ajara ta faɗi a gindin randarta da hantsi. Ni na same ta. Ba zan rubuta yadda na same ta ba.

Ita ce malamata. Ita ta koya mini saƙar faifai shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin da aka kawo ni Zangon Tamale ban san kowa ba, ina zama a ƙofar ɗaki ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Ta leƙo ta kan danga ta ce, "Ke, Humu ko wa? In kin gama kukan ki zo ki tsaga mini kaba." Ban sake barin gidanta ba.

Laraba, bayan Asuba

Ta buɗe ido. Ta gane ni. Alhamdu lillahi.

Laraba, da yamma

An kai ta asibiti a motar Sayibu, ɗan ƙanen marigayi mijinta, wanda ke jan lori tsakanin nan da Kumasi. Shi kaɗai ya rage mata dangi a ƙasar nan. Daga Kabi mijinta ya zo da ita yana fataucin goro, ya rasu ya bar ta, Allah bai ba su haihuwa ba. An duba ta, an yi wa Sayibu bayani da Turanci, an dawo da ita gida. Na tambaye shi me aka ce, sai ya kalli hannunta na dama, ya kalle ni. Ban ƙara tambaya ba.

Juma'a, 15 ga wata, da hantsi

Yau Juma'a, kuma babu wanda ya gaya wa matan da ke saƙa a wurinta kada su zo, sai ga su. Mu tara ne. Azeta daga Gumbihini da ƙafa, Safiatu, Abibata da sauran, kowace da jiƙaƙƙiyar kabarta a ƙwarya da goronta a ƙulle a bakin zane. Suka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, kowa na kallon tabarmar da ke jingine a gindin darbejiya.

Bari in rubuta yadda muke yi, ko don Fatimata in ta girma ta karanta. Faifai daga tsakiya ake fara shi. Wannan ɗan ƙullin na tsakiya, wanda bai fi kobo faɗi ba, shi muke kira cibiya. In cibiya ta yi kyau, faifai ya kwanta sumul. In ta karkace, ko shekara za ki yi kina saƙa, murɗaɗɗe zai fito. Mma ta koya mana komai: tsaga kaba, rini da karan dafi da rawaya, naɗa ciyawa, riƙon basilla, zane iri-iri, rufe baki. Cibiya kaɗai ba ta koya wa kowa ba. Kowace Juma'a mu kawo kaba da goro, ta ja mayafinta ta rufe hannayenta a kan cinya, tana hira tana zolayarmu, can sai ta miƙo miki cibiyarki. Ki karɓa hannu biyu, ki tafi gida ki saƙa. Ba a leƙa ƙarƙashin mayafin, ba a kuma cewa "Mma nuna mini." Wa zai iya? Kamar kin ce mata ne, tsohuwa, kin kusa tafiya, bar mana gado.

Na shiga na ce mata matan sun zo gaisuwa. Ta juya fuskarta bango.

Azeta ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Mma, dasiba," gaisuwar safiya ta Dagomba da Mma ke son amsawa da kwaikwayon muryarta don ta ba mu dariya. Shiru. Suka ajiye goron a ƙofa suka tafi.

Asabar, Azahar

Koko cokali uku. Shi ke nan.

Lahadi, da yamma

Ba ta ci ba.

Tana magana kaɗan, bakin ya yi nauyi amma ina ganewa. Abin da ta ce yau duka shi ne, "Tafi gida." Na ce ai gida nake. Ta rufe ido.

Talata, 19 ga wata, bayan La'asar

Azeta ta zo gidana da kukanta. Ita ce ta je ta amsa wa matan da ke shirya bikin 'yancin kai cewa za mu kawo faifai talatin masu launin sabuwar tuta, ja da rawaya da kore, a jera su a rumfar baƙi ranar shida ga Maris. Da ta kawo labarin watan jiya Mma ta yi dariya ta ce, "To, ƙasarmu Gwalkwas za ta canza suna, mu kuma mu canza rini." Ta fi kowa murna. Goma sha biyu ta fara mana kafin abin ya faru. Saura sha takwas, babu cibiya ko ɗaya.

Azeta ta ce, "Humu, ya za mu yi? Mma bai iya, mu ba mu iya. Kunya zai kashe ni." Hausar Azeta ke nan, shekara goma tana cikinmu ba ta raba mace da namiji, kuma in ka gyara mata ta ce kai ma zo ka yi Dagbanci ta ji.

Na ce Allah zai kawo mafita. Na dube ta ido cikin ido na faɗi haka, ni da na san abin da na sani.

Laraba, da hantsi

Akwai abin da nake son rubutawa, hannuna ya ƙi.

Alhamis, bayan Azahar

Matan sun taru a gidan Safiatu suna gwada cibiya da kansu. Wayyo, da Mma ta gani! Abibata ta ƙulla wani abu kamar kan tafarnuwa. Azeta ta ɗinka maɓallin riga a tsakiya ta fara naɗi a kansa, wai ai babu mai lura daga nesa. Safiatu ta soke yatsa da basilla har sau biyu, ta zauna tana tsotsa tana tsine wa kaba. Ni ma na ɗauki tawa ina murɗa ta yadda na san ba za ta yi ba, ina tsaki tare da su.

To, bari in faɗa, takarda ba ta da baki. Na iya. Shekara goma sha ɗaya ke nan na iya.

Shekarar da Mma ta je Salaga ta'aziyya ta yi wata biyu, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi babu abin saƙa. Akwai tsohon faifanta da gara ta ci bakinsa. Na zauna na warware shi zagaye bayan zagaye, daga baki har tsakiya, na ga yadda ƙullin yake. Kwana tara ina gwadawa, rana ta goma ya yi. Na saƙa faifai guda tun daga cibiya har baki, na dube shi na ji daɗi kamar in yi guɗa, sannan tsoro ya kama ni na tura shi murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo. Da ta dawo na ɗauki kabata da gorona na tafi Juma'a kamar kullum. Ban taɓa fashi ba.

Ba ta ci ba yau ma, sai ruwa.

Juma'a, 22 ga wata, da yamma

Mata shida suka zo, ba ta yarda sun shiga ba.

Sayibu ya sauka daga Kumasi ya gan ta, ya fito ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Ya ce, "Yaya Humu, kin yi iyakar ƙoƙarinki, Allah ya saka. Amma ba zan bar ta ta ƙare a ɗaki ita kaɗai ba. In ba ta gyaru ba zuwa tsakiyar wata mai kamawa, zan tafi da ita wurin matata." Na ce Kumasi? Wa ta sani a Kumasi? Shekara arba'in tana cikin gidan nan, kowace bishiya ita ta dasa. Na ɗaga masa murya, abin da bai kamata ba, don yaron kirki ne kuma gaskiya ya faɗa. Na ba shi haƙuri kafin ya tafi.

In ya tafi da ita ba za ta kai azumi ba. Na sani, shi ma ya sani.

Lahadi, bayan Asuba

Ina ganin kunyar faifan nan ce ke cin ta. Ta yi alkawari, ga shi ba za a cika ba, a ce matan Mma Ajara sun kasa. In aka cika talatin ɗin, wataƙila hankalinta ya kwanta ta ci abinci. Haka nake gani.

Litinin, 25 ga wata, La'asar

Na yi. Jiya da yau na kulle ɗaki na ce kaina ke ciwo, na ƙulla sha takwas. Na zuba su cikin tsohuwar tukunya, na shafa musu ɗan toka don su yi kamar sun kwana biyu, na kai gidan Safiatu na ce a bayan gadon Mma na gan su ina shara, ashe ta riga ta yi ta ajiye.

Sai guɗa! Abibata har da hawaye, tana cewa baiwar Allah, kamar ta san abin da zai same ta. Azeta kaɗai ta ɗauki ɗaya ta juya ta gaba da baya, ta dube ni, ta ajiye.

Baban Fatimata ya ce yau fuskata ta saki. Na ce ciwon kan ne ya sauka.

Laraba, Azahar

Ni 'yasu, ban yi tunanin wannan ba. Na manta irin matan da nake tare da su. Yaushe za a ba su abu su ƙi zuwa godiya? Da safe sai ga su su takwas, kowace da goro, suka durƙusa a ƙofar ɗakinta suna zuba addu'a. "Mma, mun ga cibiyoyin da kika ajiye mana, Allah ya saka da alheri, Allah ya ba ki lafiya." Ina ciki ina riƙe da kofin koko, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta juyo daga bango, karo na farko cikin kwana goma sha biyu. Ta ce, "Kawo ɗaya."

Safiatu ta miƙo. Mma ta karɓa da hagu, ta shafa da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa. Ta miƙa mata abarta ta ce, "Ku je ku saƙa." Suka tafi suna murna wai Mma ta yi magana.

Ba ta kalle ni ba. Har na fita ba ta kalle ni ba.

Alhamis

Ba ta ci ba. Ko ruwan sai da Safiatu ta ba ta. Daga hannuna ta ƙi.

Juma'a, 1 ga Maris, da yamma

Ta ƙi daga hannuna.

Na share tsakar gida, na wanke mata zannuwa, na ba kajinta dawa, na zauna a bakin ƙofa ina saƙa kore har rana ta juya. Shekara goma sha tara ban taɓa jin tsoron shiga ɗakin nan ba sai yau. Ina son ta, wallahi, fiye da yadda na so uwar da ta haife ni, wadda ban ma sani sosai ba, Allah ya ji ƙanta. Kuma ga abin da na yi mata.

Litinin, 4 ga wata, hantsi

An gama talatin. Sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Koren ne ya ba mu wahala, sai da muka sayo garin rini a kasuwar Aboabo, don namu na gida ya ƙi fitowa irin na tutar.

Muna ɗaure su Azeta ta matso kusa da kunnena ta ce, "Na Mma yana tafi haka," ta zagaya yatsa a iska, "naki yana tafi haka," ta zagaya ta ɗaya ɓangaren. Na ce ban gane ba. Ta ce, "Humu, ni ba yaro ba ne. Je ki gaya masa kafin ya mutu da fushinki." Na ce ta iya bakinta. Ta ce bakinta nata ne.

Na dawo gida na duba. Gaskiyarta. Tunda ta hanyar warwarewa na koya, daga ƙarshe zuwa farko, sai hannuna ya kama shi a juye. Shekara goma sha ɗaya ban lura ba. Azeta ta lura cikin minti guda, balle mai abin.

Laraba, 6 ga Maris, bayan La'asar

Yau aka yi. Tun safe ganguna da badujala, 'yan makaranta suna maci da ƙananan tutoci, Fatimata a cikinsu ta sha kitso tana ta washe baki. An ce yanzu sunan ƙasa Gana. An jera faifanmu a rumfa, ja da rawaya da kore suna ƙyalli a rana, har wata malamar makaranta ta tambaya ko za mu koya wa 'yan matanta. Azeta ta ce sai an tambayi Mma.

Ban jira an tashi ba. Na dawo na tarar da ita a kwance, kiɗan yana shigowa ta taga. Kwanon tuwo da miyar ayoyo da Safiatu ta kawo yana nan a rufe yadda aka ajiye shi. Na ce, "Mma, an jera su, kowa na yabo." Ta ce, "To."

Ashe ba faifan ba ne. Na yi ƙarya a banza.

Alhamis, 7 ga wata, bayan Azahar

Na jiƙa kaba da safe, na ɗauki basillata, na shiga ba tare da an ce in shiga ba. Na zauna a ƙasa inda idonta zai gan ni. Ban rufe hannuna da komai ba. Na ƙulla a gabanta, sau biyu kabar tana suɓucewa. Da na gama na ɗora mata a tafin hagu na ce, "Ni ce, Mma. Ni na yi sha takwas ɗin, na ce ke ce. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na sani." Can kuma ta ce, "Tun yaushe?"

Na gaya mata, Salaga da gara da murhu, ban rage komai ba. Ta riƙa lissafi da leɓɓanta.

"Sha ɗaya."

"I, Mma."

"Kin iya. Kina zuwa."

"Ina zuwa."

"Don me?"

Kai, wannan tambaya! Na ce don me kuwa? Ina zan je ranar Juma'a? Wa zai ce mini rinina ya yi kama da ruwan wanki? Wa ya zauna da ni kwana arba'in lokacin da na rasa ɗana na fari, yana sa mini kaba a hannu don kada in haukace? Na ce duk abin da hannun nan ya iya ke kika zuba masa, har abin da na sata a faifanki na sata. Ina magana ina kuka, majina da komai, babu kyan gani.

Sannan ta yi magana mafi tsawo tun da ta kwanta, tana tsayawa tana hutawa. Ta ce wadda ta koya mata a Kabi ta nuna mata cibiya a wata na uku, babu wani mayafi. Mayafin ita ta ƙirƙiro shi, a nan gidan, shekarar da mijinta ya rasu. Kafin nan ta taɓa koya wa wata mata komai da komai, matar ta gode ta tafi, ba ta sake taka gidan ba. Ta ce, "Ba ɗa. Ba dangi. Na ce in na riƙe wannan, za a riƙa zuwa." Ta dubi hannunta na dama da ke kwance a kan zane ta ce, "Yanzu me za a zo ɗauka?"

Na ɗauka al'ada ce ta tun kakanni, mu duka haka muka ɗauka, har muna gaya wa sababbi cewa leƙawa na kawo makanta.

Sai ta ɗaga cibiyar tawa kusa da idonta ta ce, "A juye. Kuma da ƙusumbi. Wa ya koya miki wannan shirme?"

Na ce gara.

Ta yi dariya da rabin baki, har tari ya kama ta. Na ba ta ruwa ta karɓa daga hannuna. Ta sha koko rabin kofi.

Juma'a, 8 ga wata, da yamma

Ta sa an fito da ita gindin darbejiya, an jingina ta da matasai. Mu tara cif. Ta cire mayafin da hagu ta ajiye gefe, ta ce in zauna a gabanta in zama hannunta. Ita ke faɗa, ni ke yi, kowa na kallo. "Lanƙwasa. Ba haka ba. Hagu. Hagu na ce, Humu, ko Kumasi za ki?" In na kuskure ta buge mini yatsa da tsinken kaba. Ni da 'yata ta kusa isa aure ake bugu a gaban mutane, kuma ban taɓa jin daɗin duka irin na yau ba.

Da farko matan sun ƙi kallo. Abibata ta rufe ido da tafi tana a'uziyya. Sai da Mma ta ce, "Buɗe, babu makanta, ni na ƙaga," sannan suka matso. Safiatu ta fara samu. Azeta sai a gwaji na bakwai, ta miƙe ta taka rawar Dagomba da cibiya a hannu, kaji suka watse.

Na gaya musu gaskiyar sha takwas ɗin. Abibata ta ce in biya ta hawayenta.

Ta ci tuwo loma biyar. Na ƙirga.

Lahadi, 10 ga wata, La'asar

Sayibu ya zo ya same ta a zaune tana tauna goro, ya yi ta hamdala. Ya ce duk da haka ɗaki na nan a Kumasi an share, zai koma ranar Asabar, ita ke da zaɓi. Na ɗauka za ta kore shi. Sai ta ce, "Bari mu ga Juma'a."

Da ya fita na ce me za a gani ranar Juma'a? Ta ce yanzu kowa ta iya, babu mai bukatar komai a gidan nan. In an zo, ta zauna. In ba a zo ba, ta bi Sayibu, ba za ta zauna ta zame mini kaya ni kaɗai ba. Na ce ai za su zo. Ta kama hannuna da hagu, da ƙarfin da ban san yana nan ba, ta ce, "Kada ki kira kowa. Kada ki tuna wa kowa. Kin yi mini ƙarya sau ɗaya don tausayi, ya isa. Rantse." Na rantse.

Talata, hantsi

Na haɗu da Safiatu a bakin famfo. Tana ta ba ni labarin faifai uku da ta fara ita kaɗai, wai yanzu ba sai ta jira mako ba. Maganar ta zo mini har bakin leɓe na haɗiye. Na ce Allah ya sa albarka.

Laraba

Malamar makarantar nan ta aiko. Mma ta ce in je in koya wa 'yan matan, kuma in fara da cibiya tun ranar farko. Na ce to.

Alhamis, 14 ga wata, bayan Magariba

Na ƙona miya. Na yi wa Fatimata faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Baban Fatimata ya ce in shi ya je ya gaya wa mazansu fa, ai shi bai rantse ba. Na ce a'a, za ta gane, ita da ke gane ƙulli da babban yatsa.

Gumbihini da nisa ga mai ƙafa, ga zafin nan. Abibata na da jego a gidan ƙanwarta. Sauran kowace da hidimarta, kuma babu wadda ta san gobe ta bambanta da sauran Juma'o'i. Ba zan ga laifin kowa ba. Haka nake ta gaya wa kaina.

Na ga ta sa Sayibu ya sauko mata da akwatinta daga kan rataye.

Juma'a, 15 ga Maris, bayan Azahar

Na je tun rana ba ta yi zafi ba, na shimfiɗa tabarma, na fito da ita. Ta ce ni ba na cikin lissafi. Muka zauna. Ina saƙa ban san me nake saƙawa ba, kunnena na kan ƙyauren gida. Akuya ta tura shi sau ɗaya, na kusa jifanta da basilla.

Hantsi ya ɗaga babu kowa. Mma ta ce in ɗauko mata zannuwanta daga igiya in ninke. Na tashi ina ninkewa, idona ya cika.

Sai na ji "dasiba" daga waje. Azeta ce, gumi sharkaf, babu kaba babu ƙwarya, sai ƙosai a ganye. Ta ce, "Mma, yau ban kawo aiki, na zo hira kawai." Ta zube a tabarma tana fifita da bakin zane. Bayanta da kaɗan Safiatu ta shigo da faifan da ta fara, wai a duba mata ko ya karkace, alhali kowa na ganin bai karkace ba. Sai Adijatu, wadda ta fi kowa shiru a cikinmu, ta ajiye goro ta zauna kusa da ƙafar Mma tana matsa mata. Can dab da kiran sallah Abibata ta faɗo a guje daga gidan jego, ta ce minti biyar kawai za ta yi, ta yi awa guda.

Shi ke nan. Sauran huɗun ba su zo ba.

Da suka watse na ga tana lanƙwasa yatsun hagunta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Huɗu." Na fara kawo uzuri, wance ɗanta ba lafiya, wance hanya, zafi, kasuwa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Ta ce, "Ki gaya wa Sayibu ya tafi da lorinsa."

Na ce, "Mma, huɗu fa, cikin takwas."

Ta ce, "Shekara ashirin ina rufe hannuna, Humu. Na zaci babu ko ɗaya."